Jan Fenti a Dajin Takeita

Da asuba nake shiga, kafin awaki su farka,
gwangwanin jan fenti a hagu, sanda a dama.
Shekara goma sha tara ina gadin wannan gandu,
na san kowane marke da tabonsa
yadda Barira ta san ƙoren ɗakinta.

Aikin ba wuya a baki:
wanda ya mutu a tsaye in shafa masa ja, masu gatari su zo,
mai rai in wuce shi da sallama.
Sai dai itace ba ya mutuwa rana ɗaya.
Akwai wanda rabinsa makamashi ne,
rabinsa kuwa kurciya ta yi ƙwai.

Ran Asabar mota ta sauke 'yan lakwal daga Damagaram
da tabarmi, da kwanon dambu, da rediyo.
Malaminsu ya ce in nuna musu daji.
Na kai su gindin kanya, na ce ku ɗanɗana.
Na nuna musu sawun bushiya cikin rairayi.
Wata ƙarama, Cima, ta ja mini riga:
Baba, wa ya shuka duk wannan?
Na ce ba kowa, hannu kawai aka ɗauke.
Ta duƙa ta rubuta, ban san me ta rubuta ba.

Da suka tafi na tsinci leda arba'in da ɗaya
da suna biyu sassaƙe a jikin maɗaci,
ɗanyen rauni yana tsatsafo ƙaro.
Na yi ta faɗa ni kaɗai har la'asar.
Sannan na ce wa raina, kai tsoho,
dajin da ba a taɓa cin dambu a inuwarsa ba
wa zai tsaya masa ran da aka zo da igiyar awo da siminti?
Su zo. Bayana bai gaji da sunkuyo ba tukuna.

Ƙiryar bakin hanya ce ta hana ni barci.
Ubana mai gawayi ne, shi ya riƙe wutar maƙeran Birni,
ƙirya ta fi ɗari ta faɗi a hannunsa,
wannan ya bari,
wai ta yi masa kama da mai tsayuwar salla.
Bara tsawa ta tsaga ta har ƙugu,
ta karkato kan bencin da baƙi ke hutawa.
Iskar hadari ɗaya ta rage.

Sau uku na buɗe gwangwani, sau uku na rufe.
Takarda ta zo daga gari, na sa ta ƙarƙashin tabarma.
Ran Talata na ga wata mai goyo zaune a bencin
tana kwance zani ta ba ɗa nono.
Laraba da safe na shafa.

Tsahiru masassaƙi ya zo da 'ya'yansa biyu.
Gatari ya yi ta tsalle da baya,
ƙirya ba ta ba da wuya da arha.
Turmi huɗu suka fita, da ƙota bakwai,
guntayen maƙera suka kwashe a amalanke.
Jika tara aka zuba a asusun gandu, kuɗin waya da rijiya.
Turmi ɗaya yana gidana.
Da hantsi in Barira na daka
ina jin muryarsa daga nan.

Ruwan fari ya sauka daren Juma'a.
Kwana goma sha biyu na leƙa kututturen:
tsiro biyar, kowane bai kai yatsa ba.
In sun tasa zan bar biyu, in fige uku,
haka ake yi in ana son tsayi.
Na sassaro ƙayar aduwa na kewaye su,
ta soke ni a tafin hannu, na tsotse.

Inuwarsu ba tawa ba ce, na sani.
Wata akuya ja tana tsaye can tana kallona,
ni ma na zauna ina kallonta.